Shekarar da Na Guji Musabaha

Ciwon ya fara nuna kansa ne a kwanon ɗumame. Wata safiya ce a ƙarshen damina, an gama karyar masara a gonata ta hanyar Mahuta, na zauna a tabarma matata ta ajiye mini ɗumamen tuwo da miyar kuka. Na kai hannu zan yanki loma, yatsun suka ƙi. Ina jin su sarai, sai dai sun sandare kamar rigar da aka cika wa sitaci. Na murza su, na hura musu iska, na sake gwadawa. Lomar da na samu daga ƙarshe ko kaza aka jefa wa ba za ta gode ba.

Matata ta tsaya tana kallona, sannan ta shiga ɗaki ta dawo da cokali. Ni da na girma ina yi wa masu cin tuwo da cokali dariya, ran nan da shi na ci. Na ce mata gajiyar gona ce. Ta ce ita dai ba ta ga ranar da na karya ko goyon masara ɗaya ba, iyakata in tsaya a inuwa ina nuna wa 'yan ƙwadago aiki da leɓe.

Sana'ata sayar da taki da iri da maganin feshi, ina da shago a Funtua kusa da kasuwar hatsi. Aiki ne da ba ya son ƙarfi sosai, amma yana son hannu. Kafin a gama kaka abin ya zauna. Kullum da safe hannuwa a ƙage, sai hantsi ya dubi ludayi su fara sakewa. Gaɓoɓin yatsu suka kumbura, dama da hagu, yatsu iri ɗaya, kamar sun yi shawara. Daga nan wuyan hannu ya shiga, gwiwoyi suka biyo baya. Maɓallin riga ya gagare ni. Murfin galan ya gagare ni. Babur ɗina ma sai na tsaya a ƙofar gida ina jiran mai wucewa ya taka mini kik.

Labari ya kai Dayi, wurin Gwaggo, ƙanwar mahaifina. Ba ta aiko da gaisuwa ba, da kanta ta zo, da ƙullin kaya a ka. Ta kama hannuna ta juya shi gaba da baya kamar mai tayin kaza, ta ce sanyi ne, kuma ta san inda na ɗebo shi. A zama ɗaya ta haramta mini kuɓewa, da fura da nono, da ruwan randa, da rake, da kankana, da duk wani abu mai santsi ko mai daɗi. Na tambaye ta me ya rage, ta ce kunun kanwa da haƙuri.

Sai ta kwance ƙullinta. Akwai wani man shafawa da ta haɗa da tafarnuwa da citta da man shanu da kitsen wata dabba da har yau ta ƙi faɗa mini sunanta. Ta ce in na sani ba zan shafa ba. Safe da yamma take mulke ni da shi. Ban san ko ya taɓa ciwon ba, amma ya taɓa jama'a. Masallacin unguwarmu kullum a cike yake, ana matse kafaɗa da kafaɗa. A makon nan liman ya yi ta cewa a daidaita sahu a cike giɓi, giɓin kuwa dama da hagu da ni yake, ba wanda ya matso. Kuliyoyin unguwa kaɗai suka ƙara sona.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa na je asibiti, daga nan aka tura ni Zariya. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton hannuwa. Likitar da ta gan ni mace ce mai sanyin magana. Ta ce ba sanyi na ɗebo ba, ba kuma kuɓewa ba ce. Garkuwar jikina ce, sojojin da Allah ya sa a jini su yaƙi cuta, suka rikice suka koma dukan gaɓoɓina. Ta ce ciwo ne na zama, ba a korarsa gaba ɗaya, amma ana lallashinsa ya kwanta in an riƙe magani, ana kuma zuwa gwajin jini. Zai riƙa lafawa yana tashi. Ta ce in lura da jikina, zan gane abubuwan da ke tsokano shi.

Na dawo na yi wa Gwaggo bayani dalla-dalla. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To, su sojojin nan, wa ya ɗauke su aiki?"

Na ce da su aka haife ni.

Ta ce a dangin ubana dai ba a taɓa yin sojan da ya juya wa gida baya ba, sai dai in ta wajen uwata ne. Ta ƙara da cewa likitar yarinya ce, kuɓewa kuma tana nan a haramce.

Magani ya karɓe ni, alhamdu lillahi, ko da yake ya ɗauki lokaci. Na kuma fara gane halin abokin zaman nawa. Ba ya son gajiya. Ba ya son in kwana ban yi barci sosai ba. Doguwar tafiya a babur kan hanya mai gargada tana tashe shi, haka ɓacin rai, haka safiyar da aka kwana ana ruwa. Matata ta ce ita ma ta yi nata binciken, ta gano babban abin da ke tayar da shi yana zuwa ne a motar Dayi da ƙulli a ka. Na yi mata alama ta rage murya, don Gwaggo tana tsakar gida a lokacin.

Amma duk cikin wahalhalun ciwon nan, wadda ba wanda ya gargaɗe ni a kanta ita ce musabaha. Sai da hannuna ya zama ƙwai na san yawan hannuwan da namiji ke kamawa a yini. Daga ƙofar gida zuwa shago akwai maƙwabci, akwai mai shayi, akwai masu zaman benci, akwai wanda kuka gaisa da asuba amma ya ga bai ƙoshi ba. Wani ya kama ya girgiza. Wani ya kama ya ƙi saki sai ya tambayi lafiyar kowa a gidanku har da tumaki. Wani kuma sai ya ɗaga hannu sama ya tafka maka tafi tukuna, don ka san ƙauna ce.

Da farko gaskiya nake faɗa. In an miƙo hannu sai in ce a yi haƙuri, ciwon gaɓɓai ke damuna. Ashe na gudu ne ban tsira ba. Mutum sai ya ce ayya, mu gani, ya cafki hannun, ya danna gaɓar da ta fi kumbura yana tambaya ko nan ne. In na yi ƙara ya ce lalle nan ne, ya matsa ta gaba. Bayan ya gama ya rubuta mini magani da baki: wani ya ce kitsen damo, wani ya ce in binne hannun a yashi mai zafi, wani ya ce surukinsa da ƙaho aka cire masa nasa. Na gane gara musabahar, ita ko ba komai tana ƙarewa.

Sai na koma jinjina. Daga nesa nake ɗaga hannu sama ina murmushi, kafin mutum ya iso na riga na gama gaisuwa. Matsalar ita ce hannun ba ya dunƙulewa, ba ya kuma buɗewa, sai ya tsaya a tsakiya kamar wata alama ta musamman. Ba a jima ba magana ta zaga kasuwa cewa takarar kansila zan fito. Matasan da ban sani ba suka fara ɗaga mini hannu irin yadda nake yi, da yatsu a lanƙwashe, suna cewa sai ni. Wata rana na iso shago na tarar da maroƙi a ƙofa yana yi mini kirari, wai ni ne ruwan sama mai jiƙa gonar kowa. Mai shagon kusa da ni ya ja ni gefe ya ce in na hau kada in manta da kwalbatin layinmu.

Na bar jinjina na koma dafa ƙirji ina ɗan rusunawa. Wannan karon aka ce na yi kuɗi, hannun talaka ya fara yi mini ƙaiƙayi. Wasu suka ce a'a, wata sabuwar aƙida na shiga. Har liman ya tsayar da ni bayan la'asar, cikin hikima, ya tambaye ni ko akwai wani littafi da nake karantawa kwanan nan. Na yi masa bayanin komai. Tausayi ya kama shi. Ya riƙe hannuna na dama da hannuwansa biyu ya shiga addu'a, addu'a mai tsawo mai kyau, kuma duk inda ya kai gaɓar da ta taɓa masa zuciya sai ya ƙara matsawa. Hawaye suka zubo mini. Da ya shafa ya gan su, ya ce wa na kusa da shi lalle bawan Allah nan zuciyarsa tana da laushi.

Duk waɗannan masu sauƙi ne in aka gwada su da taubashina, ɗan Gwaggo. Shi ke kula da masu lodin buhuna a kasuwar hatsi, kuma kafin ya kai nan shi ma ya shekara da shekaru yana dako. Tafin hannunsa kamar galma. Tun muna yara ba ya kirana sai bawansa, ni ma haka, kamar yadda ɗan mace da ɗan namiji suka saba. Bai taɓa yarda ina da ciwo ba. Ya ce ciwon masu shago ne, na zaman kujera da shan lemo, buhu goma zai ɗora mini in warke. Kullum muka haɗu sai ya damƙe hannuna yana dariya har sai na kira shi ubangidana. Na kai ga in na jiyo muryarsa a layi sai in shige bayan buhunan taki, in bar shago a buɗe. Yakan shigo ya zauna a kujerata ya yi ta hira da buhunan, yana tambayarsu ko sun ga wani bawa da ya gudu.

A daminar da ta biyo baya 'yarsa ta fari ta tashi aure. Malamar makaranta ce, ta kawo wani malami ɗan'uwanta daga Malumfashi, kowa ya yi na'am. Taubashin nawa ba shi da ƙane namiji, sai ya ce ni zan ba da aurenta. Na ji daɗi ƙwarai, don yarinyar a hannunmu ta yi rabin girmanta. Na ɗauki hidimar da zafi. Na yi ta zirga-zirga tsakanin Funtua da Dayi a babur, ruwa ya dake ni a hanya, barci ya yi ƙaranci, ga masu kanofi sun ɓata mini rai. Wato duk abin da na san ciwon ba ya so na tara masa a kwano ɗaya na miƙa masa.

Ranar ɗaurin aure na farka kamar an kwana ana daka ni a turmi. Yatsu sun yi suntum, suna sheƙi, da zafi rau kamar an ɗora su a murhu. Gwiwoyi sun ƙi lanƙwasa. Matata ta tsoma hannuwana a ruwan ɗumi, ta ba ni magani, ta sa mini riga kamar yaro, ta zura mini babbar riga ta ɗora hula. Ta ce in haƙura in aika wani. Na ce ko a amalanke ne sai na je. Ta ce to, amma in na faɗi in faɗi ta gefen da ba a yi wa aiki ba, don rigar sabuwa ce.

A motar haya na tafi. Ina sauka a Dayi na hango taubashina ya nufo ni yana washe baki, galmar nan a miƙe. Ba wurin gudu, ba kuma gwiwar gudun. Na zaro hannuwana daga cikin riga na nuna masa kawai. Ya tsaya cak. Ya daɗe yana kallonsu, dariyar ta bar fuskarsa.

"Bawana, ashe haka abin yake?"

Na ce haka yake.

Ya sosa ƙeya. Ya ce in an shafa fatiha kada in motsa daga inda nake, in tsaya a bayan kafaɗarsa.

Aka ɗaura aure lafiya. Na faɗi abin da waliyyi ke faɗa, murya dai ba ta kumbura ba. Ana shafawa jama'a suka taso kamar an buɗe wa tumaki garke, kowa da hannu a gaba, kuma waliyyi ake nema. Sai taubashina ya sha gabana, ya ɗaga murya.

"Jama'a, waliyyi ya wakilta ni musabaha. Duk mai gaisuwa ya kawo hannunsa nan, zan isar masa."

Mutane suka yi dariya, suka ɗauka wasan taubasai ne. Na farko ya miƙa. Na ga dariyarsa ta tsaya a rabi, ya ɗaga dunduniya sama. Na biyu wani ɗan gayu ne cikin abokan ango, da zobba a yatsu, shi har durƙusawa ya yi, mutane suka yaba da ladabinsa. Taubashina kuwa bai yi wa kowa rowa ba. Yana kamawa, yana girgizawa, yana tambayar lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, in mutum ya yi ƙoƙarin zarewa ya ce ai bai tambayi su Hajiya ba tukuna. Ina bayansa ina amsa Allah ya sanya alheri. Can na lura layin ya fara sirancewa. Na baya suna leƙo abin da ke samun na gaba, suna ganin masu fitowa suna yarfe hannu, sai kowa ya tuna ashe daga nesa ma ana gaisawa. Ban taɓa ganin taron da aka yi ta dafa ƙirji kamar wannan ba.

Sai ga wani dattijo ya taho a hankali, da farin gemu da sanda a rataye a hannu. Aka raɗa mana cewa kakan ango ne na wajen uwa. Nan taubashina ya rasa ta yi. Suruki ne, kuma babba, ba a wasa da shi. Ya matsa gefe ya sunkuyar da kai, ya bar ni a fili. Dattijon ya miƙo hannu. Na yi bisimilla a zuci, na miƙa nawa, na runtse ido.

Abin da na ji kamar ganye ya faɗo a tafina. Na buɗe ido ɗaya. Shi ma idonsa a runtse yake, ya cije leɓe yana jiran azaba. Na dubi hannunsa, yatsun duk sun karkace gefe guda kamar dawar da iska ta kwantar. Ya buɗe ido ya dubi nawa.

"Kai ma?"

"Ni ma, Baba."

Ya sauke ajiyar zuciya. Ya ce tun ɗazu yake kallon ƙaton nan yana murƙushe bayin Allah, yana ta addu'a kada layi ya kai shi gare shi, shi ya sa ya kewayo ta gefe.

Wani mai kirki ya shimfiɗa mana darduma a inuwar darbejiya ya ce manya su zauna. Kunya ta hana mu cewa kujera muke so, muka lallaɓa muka zube. Hira ta yi daɗi. Nasa ciwon ya girme ango nesa ba kusa ba, kuma a zamaninsa ba a san wata garkuwar jiki ba, an dai yi masa ƙaho da tsaga da hayaƙi har ya gaji. Na ba shi labarin likitar Zariya, ya ce zai sa jikansa ya kai shi. Shi kuma ya ba ni abin da ya ce ya fi duk magungunan da ya sha amfani. Ya sa hannu a aljihu da ƙyar ya fito da ƙwai guda ɗaya. Ya ce in zai shiga kasuwa a hannun dama yake riƙe shi, a fili, inda kowa zai gani. Ba mahaluƙin da ke miƙa wa mai riƙe da ƙwai hannu. Yau ma don kada a ce kakan ango ya zo ɗaurin aure da ƙwai ne ya ɓoye shi.

Muna cikin haka aka kira jama'a cin abinci a wani gida can gaba. Wuri ya watse, muka rage mu biyu. Ƙamshin shinkafa da miya yana iso mu. Na ga dattijon yana gyara zama, ni ma ina gyarawa, ba wanda ya tashi. Muka ƙara taɓa hira kan farashin taki. Daga ƙarshe ya ce, "Ɗana, tashi ka ɗaga ni."

Na ce, "Baba, ni ma mai ɗagawar nake jira."

Muka gwada sandarsa, ta zame. Muka gwada jingina baya da baya mu tura juna sama, dabarar da ya ce ya taɓa gani wurin 'yan kokawa. Muka ɗan ɗaga kaɗan, sannan muka kife gefe guda a tare, hulata ta gangara. Dariya ta kama shi har yana tari, ni ma ta kama ni, kowace dariya kuma sai ta soki gwiwa. Wata akuya ta zo ta tsaya a kanmu, ta shinshina hular, ta fara gwada bakin babbar rigata. Korarta ma sai da baki muka yi, ba ta kuwa ji ba.

A haka taubashina ya same mu, ya fito nemana da kwanon abinci a hannu. Ya ajiye kwanon, ya kori akuyar, ya gaida surukinsa da ladabi kamar bai ga komai ba. Ya zura hannuwa ƙarƙashin hammatar dattijon ya ɗaga shi a hankali ya tsayar, ya kakkaɓe masa riga. Ni kuwa ya sungume ni kamar buhun masara, amma na lura bai taɓa ko yatsa ɗaya ba. A kunne ya ce mini daga yau kuɗin fansata ya ƙaru.

Wannan tashin da ciwon ya yi ya kwantar da ni kwanaki. Na koma asibiti aka gyara mini magani, likitar ta yi mini faɗa cikin sanyin muryarta, na kuma karɓa. Ciwon yana nan har yau, wata rana ya bar ni in manta da shi, wata rana ya tuna mini. Na rage hawa babur, na koyi cewa a'a in hidima ta fi ƙarfina.

Ranar da na fara komawa shago na ce wa matata ta ba ni ƙwai guda. Ta ba ni ba ta tambayi dalili ba. Na riƙe shi a hannun dama na ratsa unguwa, na ratsa kasuwa. Abin kamar sihiri. Mutum zai taho da hannu a miƙe, ya ga ƙwan, ya mayar da hannun ƙirji da kansa, har ya matsa mini hanya. Na yini cikin aminci har azahar. Da yunwa ta taso na ga ai ba sai na aika sayen komai ba, ga abinci a hannu. Manoma uku na zaune a benci suna jiran a auna musu iri, na ɗaga ƙwan na fasa shi a goshina kamar yadda muke yi muna yara.

Da na koma gida da gwaiduwa a gira da gaban riga, matata ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Malam, ƙwai ka ce in ba ka. Ba ka ce in dafa ba."